Alhaji Tanimu Ya Sa Wa Kiranshaf Alama

Ku bar maganar rashin yarda, ba ku ga komai ba tunda ba ku san Alhaji Tanimu mai tumatir ba. Ni na san shi, kuma har da hannuna a cikin abin da ya same shi, shi ya sa duk ranar da na tuna sai dariya ta zo mini tare da kunya. Kun dai san rumfar waldata jingine take da garejin Malam Sallau, langa-langa ɗaya ya raba mu, ko tari aka yi a can ina ji.

Shi Alhaji Tanimu mutumin wajen Kadawa ne, manomin rani, kuma ba laifi Allah ya rufa masa asiri. Cutarsa ɗaya ce, a duniyar nan bai yarda da kowa ba, kanikawa kuwa su ne a sahun gaba. Wai shekarun baya wani bakanike ya taɓa musanya masa sabon batir da tsoho, bai farga ba sai da mota ta mutu masa a tsakiyar kasuwa. To wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake, wannan kowa ya sani, amma na Alhaji ya wuce gudu. Tun daga ranar duk abin da ya mallaka sai ya sa masa alama, zane uku a tsaye ɗaya a gicciye. Kwandunansa da alama, butarsa da alama, takalmin da yake zuwa masallaci da shi ma ƙafar hagu da ta dama kowacce da tata.

Ranar wata Litinin da hantsi sai ga tsohuwar a-kori-kurarsa an jawo ta da igiya. Inji ya buga. Alhaji ya diro daga gaba yana sharce gumi, ko sallama bai gama ba ya fara.

"Malam Sallau, tumatir ya nuna a gona, ja wur. Na riga na yi magana da masu tsinka, Alhamis da safe za su shiga. Motocin haya duk an kama su, kowa nasa yake kwasa. In motar nan ba ta tashi kafin Alhamis ba, wahalar shekara guda ruwa za ta zama a cikin kwando."

Ba ƙarya ya yi ba. Tumatir in ya nuna ba ya jiran kowa, ka ba shi kwana uku ko huɗu ya fara zubar da hawaye.

Malam Sallau kuwa kun san shi, tsoho siriri, shekara talatin da ɗoriya yana haɗa inji, magana a bakinsa sai ka ce saye yake. Ya kewaya motar, ya zare sandar awon mai, ya murza baƙin man a tsakanin yatsu, ya ɗaga wa rana. Wani ƙyalƙyali ne a ciki kamar an barbaɗa garin kwalli.

"Metal ta cinye," ya ce, yana nufin siririn ƙarfen nan da yake zama matashi a cikin inji. "Sai an sauke inji. In ba ka hana ni aiki ba, Laraba da yamma za ka ji kukanta."

"Ni in hana ka aiki? Ai ni zama kawai zan yi."

Ya kuwa zauna. Ya jawo wata tsohuwar kujerar mota ya dasa a bakin rumfa, idonsa a kan hannun Malam Sallau kamar mai gadin nama a rana. Abinci a nan ake kawo masa. Salla ma in zai yi, sai ya shimfiɗa darduma inda in ya sallame hagu zai hango injin.

Shi Malam Sallau yana da tsarinsa wanda ba ya saɓawa ko gari zai tashi. Kafin ya kwance komai sai ya share teburi ya shimfiɗa buhu mai tsabta. Bawul-bawul in ya zare su, kwali yake hudawa ya soka kowanne a raminsa, ya rubuta lamba. Fistin na ɗaya da murfinsa da notunansa waje guda, na biyu ma haka, ba mai shiga gidan wani. Yakan ce ƙarfen da ya shekara goma yana goga da ɗan'uwansa sun saba, in ka sauya musu abokin zama faɗa za su yi. Ana cikin haka ya juya baya ɗaukar sifana, kafin ya waiwayo Alhaji ya tattare notuna goma sha shida ya zuba a hularsa, wai yana adana su kada su yi ƙafa.

Malam Sallau ya tsaya yana kallon hular.

"Alhaji, wanne ne na fistin na uku?"

"Ai duk noti ne."

"To mayar da kowanne inda ka ɗauko shi."

Rabin awa suka ɓata a kan wannan. Ni ina daga rumfata ina leƙe, na cusa kai cikin garkuwar walda don kada a ga haƙorana.

Da yamma aka fito da kiranshaf, wato ƙarfen nan mai gwiwoyi da yake juyawa a cikin cikin inji, shi ne kuma uban tafiyar. Wuraren da yake kwanciya a kan metal, waɗanda muke ce wa wuya, ya kamata a ce sumul suke, amma nasa duk sun yi kaushi sun yi zane-zane. Malam Sallau ya ɗauko ma'auninsa daga cikin akwati, ya goge, ya auna kowane wuya sau uku, yana juyawa yana sakewa.

"Wannan aune-aune duk na mene ne?" in ji Alhaji. "Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ga shi nan kowa ya ga ya ci."

"A kasuwar tumatir ido ya san ƙima. A nan abin da muke nema bai kai kaurin gashin gemunka ba." Ya ajiye ma'aunin. "Saurara da kyau, Alhaji. Ƙarfen nan an taɓa yanka shi sau biyu. Yanka uku ake yi wa irinsa, goma, ashirin, talatin, daga nan babu metal ɗin da za ta zauna masa. Gobe za a kai wa Malam Ɗayyabu ya yi masa na talatin. Wannan shi ne na ƙarshe, bayansa babu wani yanka."

"In ya ƙi fa?"

"Sai a nemo wani. Irin na tsohuwar nan kuwa babu shi a garin nan, sai an aika Legas. Kwana goma, in an dace."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ashe maganar ta shige shi sosai, sai dai ba ta ƙofar da aka nufa ta shiga ba.

Washegari Talata suka ɗora kiranshaf a Keke mai ƙafa uku suka nufi wajen Malam Ɗayyabu mai injin yankan ƙarfe, Alhaji ya rungume shi a cinya duk hanya. Can ya haɗu da abin da bai yi zato ba. Malam Ɗayyabu yana da doka, mai kaya ba ya wuce bakin ƙofa, saboda tartsatsi da ɓurɓushin ƙarfe. Alhaji ya yi magiya, ya yi barazana, ya ce shi ba yaro ba ne, aka ce ko limamin Juma'a ne a nan zai tsaya. Dole ya koma taga yana leƙe, ga kuma kiranshaf na mutane sun fi goma a jere a ciki, duk kamarsu ɗaya.

Bayan la'asar suka dawo da shi a naɗe cikin farin ƙyalle. Malam Sallau ya buɗe a kan teburi. Kai, aiki ya yi kyau. Kowane wuya sai sheƙi yake, kana ganin fuskarka a ciki. Ni kaina da na zo kallo sai da na ce masha Allah. Alhaji kuwa ya sa tabarau, ya sunkuya, ya juya ƙarfen, ya sake juyawa, sai na ga fuskarsa tana sauyawa.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Kamar yaya?" in ji Malam Sallau.

"Nawa da alama. Jiya da ka shiga kewaye na sa ƙusa na zana masa. An musanya mini. Dama na san za a rina."

Nan fa ya ɗaga murya, masu faci da masu fenti suka fara taruwa. Ran Malam Sallau ya ɓaci, na gani a idonsa, don mutumin da bai taɓa cin ko noti ɗaya na wani ba a ce masa ɓarawo a gaban jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Amma waya kawai ya ɗauka ya kira Malam Ɗayyabu. Shi kuma da yake mai zuciya ne, ko minti ashirin ba a yi ba sai ga shi a kan babur, ko rigar aiki bai cire ba.

"Alhaji, a ina ka sa alamar taka?"

Alhaji ya nuna wuyan tsakiya. "Nan."

"A nan ɗin?"

"Nan ɗin."

"To ni me aka kawo mini in yi? Ba fatar wurin aka ce in fere ba? Alamarka tana can ƙarƙashin injina cikin garin ƙarfe. In kana so zo mu je in ba ka tsintsiya."

Jama'a suka kwashe da dariya. Malam Sallau ya juya ƙarfen ya nuna masa ɗigo uku da ya buga a kafaɗarsa, can gefe inda ba ya goguwa da komai.

"Ga alamar da na sa kafin ya bar garejin nan. Mai hankali a kafaɗa yake sa alama. Wuya ko farce ba a sa masa."

"Wannan ai alamarka ce," in ji Alhaji. "Bakanike ya ba da shaidar bakanike."

Da ƙyar da jiɓin goshi aka shawo kansa, shi ma sai da ya gano wani tsohon tabo a gindin ƙarfen da ya ce ya gane shi. Bai ba kowa haƙuri ba. Cewa kawai ya yi a ci gaba da aiki, lokaci na tafiya.

Laraba tun da safe Malam Sallau ya hau wankin gidan inji. Ya wanke da kananzir, ya bi da ruwan zafi da sabulu, ya zura ɗan buroshi a kowace hanyar mai ya hura iska, yana goga farin ƙyalle yana dubawa, sai da ƙyallen ya fito fari kamar yadda ya shiga. Alhaji sai tsaki yake yana duba agogo.

"Wai inji ne ko jariri?"

"Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a nan, ita za ta dawo mini da kai mako mai zuwa. Ni kuwa ba na marmarin hakan."

Wajen sha ɗaya komai ya kammala, saura sabuwar metal mai lamba talatin. Malam Sallau ba ya aike a kan metal, da kansa yake zuwa kasuwa da ma'auninsa a aljihu, don abin da aka rubuta a kwali daban abin da ke ciki daban. Ya shafa wa kiranshaf mai, ya lulluɓe shi, ya ce awa ɗaya zai yi. Alhaji ya ce shi ma da azahar dole ya wuce Kadawa ya ga masu tsinka ya raba kwanduna, sai dai gobe da sassafe ya dawo ya ɗauki mota. Yana faɗa yana waiwayen teburin, don ba ya son barin injin ba idonsa a kai.

To ga inda na shigo. Malam Sallau bai daɗe da tafiya ba sai ga Alhaji a bakin rumfata, da fara'arsa har da tambayar iyali, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam Ilu, ɗan ara mini cizal da guduma mana."

Wallahi ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka ƙugiyar ƙofar bayan motar zai daidaita, don na ga ta karkace. Na ma zaɓo masa sabon cizal, wanda na wasa da safen nan. Na mayar da garkuwa na ci gaba da waldar ƙofar wani. Ina ji daga bayan langa-langa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a nutse, kamar mai sassaƙa turmi. Har a zuciyata na ce Alhaji ashe ya iya riƙe guduma. Can ya dawo mini da kayana ya yi godiya, ya ce Allah ya yi albarka.

Sha biyu da 'yan mintuna Malam Sallau ya dawo da ƙunshin metal, yana ɗan murmushi, alamar ya samo mai kyau. Ya wanke hannu, ya goge, ya ɗaga ƙyallen.

Ban taɓa jin shiru irin wannan a garejin nan ba. Shi ya sa na ajiye walda na zagayo.

A kan wuyan tsakiya, wurin nan da jiya nake ganin fuskata, ga zane uku a tsaye ɗaya a gicciye, masu zurfi, bakinsu ya tashi kamar kunyar gona. Na kusa da shi ma haka. Na gaba ma haka. Nan take na gane aikin cizal ɗina.

Malam Sallau ya nemi benci ya zauna a hankali.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne," in ji Alhaji, har da gyara zaman hula. "Kada ka ji komai, ba wai ban yarda da kai ba ne, rigakafi ne. Na yi tunani ne na ga inda na yi kuskure da farko. Ƙusa ba ta shiga sosai, shi ya sa aka goge. Kafaɗa kuma da ka ce, kowa zai iya sa dutse ya share. Amma kai da bakinka ka ce wurin nan an yi masa yankan ƙarshe, ba mai sake taɓa shi. To ka ga alamar da aka sa a nan ta zauna ke nan har abada."

Jama'a, ku ji lissafi. Kuma yana faɗa yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, yana jiran a yaba masa.

Malam Sallau ya zaro metal guda daga ƙunshi, ya ɗora a kan wuyan, ya murza sau ɗaya kawai da hannu, ya miƙa masa. Cikinta ya yi rami-rami, har wani siririn ɓawo ya naɗe.

"Wannan juyi ɗaya ke nan, da hannun tsoho. Inji kuwa sau dubbai yake juyawa a minti. Ko gadar Tamburawa ba za ka kai ba."

Alhaji ya karɓa ya duba. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

"To... a mayar wa Ɗayyabu ya ɗan share."

"Yanzu ka gama faɗa da bakinka. Babu sauran yanka."

Sai ya juyo kaina. "Malam Ilu, kai fa? Ba ka cike shi da walda ba?"

Na ce, "Alhaji, in ƙofa ce ko ƙafar gado, kawo. Wannan in na sa masa wuta zai karkace, in ya karye a hanya kuma har gidan injin zai tafi da shi. Ba da ni ba."

"Sabo fa?"

"Na gaya maka tun Litinin," in ji Malam Sallau. "Legas. Kwana goma, in an dace."

Daidai nan wayar Alhaji ta ɗauki ƙara. Ya zaro ya duba, shugaban masu tsinka ne. Ya bar ta tana kuka a hannunsa har ta gaji ta yi shiru, ta sake ɗauka, bai amsa ba. Ya koma ya zauna a kan kujerar motar nan da ya kwana biyu yana gadi a kai, ya zabga tagumi. Gaskiya ya ba ni tausayi. Mutum ya yi wata uku yana ban ruwa, yana fama da tsutsa da taki, ga abu ya nuna, ya zo ya kashe kansa da guduma ta aro. Ba wanda ya yi dariya, har masu facin da suka sake taruwa.

Malam Sallau ya tashi ya fara mayar da sifanunsa cikin akwati ɗaya bayan ɗaya. Ya rufe gidan injin da buhu ya ɗaure, don kada ƙura ta shiga kafin kwana goman.

Can Alhaji ya ɗago kai ya dubi kiranshaf ɗin a kan teburi, ya dubi jama'ar da ke tsaye, ya sake duban ƙofar gareji da ba ta da kwaɗo. Ya matso kusa da Malam Sallau ya rage murya.

"To yanzu kafin wancan ya iso, wannan a ina za ka ajiye mini shi? Ka ga mutane sun yi yawa a wurin nan. Kada a wayi gari a ce an neme shi an rasa."

Malam Sallau ya rufe akwatinsa, ya goge hannu da tsumma.

"Kwantar da hankalinka, Alhaji, alamarka ta yi aiki. Wannan yanzu ko ɓarawo ka ba kyauta, sai ya tambaye ka kuɗin dako."